Ƙullin da Ba Na Mai Ɗori Ba

Kun taso kun ga uwarku tana jan ƙafar hagu, kun kuma taso da labarin da ake ba ku a kan ƙafar. Rabin labarin gaskiya ne. Ɗaya rabin yana wurina, kuma tunda na zo wannan shekarar a rubutun nan, ba zan tsallake ta ba ko da zan zube a idonku. Shekarar da na ajiye alli ce na bar koyarwa. Kakanku ya riga ya rasu, ina zaune a gidanmu na Gwarzo ni da ƙanwata Larai, uwarku kuma tana ɗakinta a Kabo. Kai Aminu ba ka wuce shekara huɗu ba, ke Hafsatu kuwa yaye ki ke nan, don haka ba abin da za ku iya tunawa.

A shekarar ne wani gidan talabijin na Kano ya fito da gasar noman rani. Suka ɗebo matasa goma sha biyu, maza da mata, suka yanka wa kowa fili a wata fadama wajen Gude, suka bi su da kyamara tun daga yin fangalin ban ruwa har tsinkar tumatir. Kowace Asabar bayan la'asar a nuna abin da aka yi a mako, masu kallo su tura saƙo ta waya su zaɓi waɗanda za su tsaya, wanda ya zo ƙarshe a sallame shi. Wanda ya ci zai tafi da injin ban ruwa da fili nasa na kansa. Uwarku ta yi karatun aikin gona, takardar tana kwance a ƙasan akwati ba ta taɓa yi mata rana ba. Da ta ce za ta shiga, dangin babanku suka yi ta surutu, wai matar aure a talabijin. Babanku, Allah ya saka masa da alheri, ya toshe kunnensa, kullum da safe ya ɗauke ta a babur ya kai ta fadama, da yamma ya ɗauko ta.

Ni kuwa ban ce uffan ba, kuma a nan sai na yi muku bayani, don ku 'ya'yan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. Uwarku ita ce 'yata ta fari. A yadda aka raine mu, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta tana ƙuna. Duk wadda ta yi haka sai a ce ba ta da kunya. Har yau ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, sai dai in ce 'yar nan. Saboda haka duk Asabar Larai ce ke kunna talabijin a ɗakinta tana ƙwala mini kira.

"Yaya, taho ki ga Saude! Wallahi duk cikinsu ba mai gyara fangali kamarta."

"Ke dai kalli abinki, ni ina da aiki."

Aikin kuwa shi ne in ɗauko faranti in zauna daidai bakin ƙofar Larai ina tsintar shinkafar da na riga na tsince tun safe. Ba Asabar ɗin da ta wuce ni.

Mako shida tana cikin na gaba. A na bakwai tsutsa ta shiga tumatirinta ta yi masa kaca-kaca, ta sauko can ƙasa, kowa ya ce ita za a sallama. Ranar Talatar makon ta ɗauko kwando a ka, za ta tsallake hanyar ruwa, gefen ya zabtare da ita. Ƙafar hagu ta shige ƙarƙashinta, ƙashin ya karye sama kaɗan da idon sawu. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a cikin laka ta kama ƙafar, ta ce innalillahi sau ɗaya, a hankali. Ana cikin haka sai ga babban alƙalin gasar ya ƙaraso, wani dattijo tsohon malamin gona, sa'an kakanku. Uwarku ta yunƙura ta juyo a kan gwiwoyinta ta durƙusa, ta ce masa, "Baba, ina wuni." Da karyayyar ƙafa ta yi wannan, kyamara tana ɗauka.

Wa ya koya mata haka? Ni ce. Tun tana ƙarama in ta faɗi ta buɗe baki sai in harare ta, in ce 'ya mace ba ta kuka a gaban mutane. Ranar da ta haife ka, Aminu, ungozoma ta fito tana cewa ba ta taɓa jin naƙuda shiru irin wannan ba, ni kuma na ji daɗi har raina. Ni na koya mata ba a gaida babba a tsaye ko a zaune. Ban taɓa zaton wata rana tarbiyyar da na ba ta ita za a kafa hujja da ita a ce mata maƙaryaciya ba.

Mutanen talabijin suka ce a tafi asibiti a Kano. Babanku ya ce a'a, ya sa ta a mota ya kawo ta Gwarzo wurin Baba Ɗanlami mai ɗori, wanda gidansu suka gaji aikin tun kaka da kakanni. Baba Ɗanlami ya ja ƙafar ya daidaita ƙashin, ya shafa abin da zai shafa, ya naɗe ta da tsumma, ya kewaye ta da karare saƙaƙƙu kamar ƙaramin asabari, ya ɗaure. Aka ɗauko ta a mota aka shigo da ita ɗakina don jinya, shi ma ya rako ta. Kafin ya fita ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ni.

"Malama, hannuna ne ya ɗaura, hannuna ne zai kwance. Ko ƙaiƙayi zai kashe ta, kada kowa ya taɓa. Kuma kada a ɗaga ƙafar nan daga kan matashi."

"Haba Baba, yaro ne ni?" na ce masa.

Ranar Asabar aka nuna. Ban taɓa ganin rashin imani irin na masu shirin nan ba. Suka nuna faɗuwar sau uku, suna rage gudun hoton, har da kiɗa. Suka nuna fuskarta ba hawaye. Suka nuna ta a durƙushe tana gaisuwa. Sannan yarinyar da ke gabatar da shirin ta karkata kai tana murmushi, ta tuna wa jama'a cewa a dokar gasa wanda ya ji rauni ba a sallamarsa a wannan makon, ta ce, "To masu kallo, ku me kuka gani?" Ba su ce ta yi ƙarya ba, ko kusa. Sun dai haƙa ramin sun bar wa mutane turawa.

Mutane kuwa suka tura. Larai ba ta rabuwa da waya, ita ta riƙa karanto mini abin da ake rubutawa, a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa don kada uwarku ta ji. Wani ya ce ta ga za a kore ta ne ta shirya wasan kwaikwayo. Wata ta ce ita da ta taɓa karyewa sai da unguwa uku suka ji ihunta. Wani ya ce, mai karaya ce za ta durƙusa ta gaida mutum? Da aka ga hotonta a mota da karare a ƙafa, wani mara mutunci ya rubuta cewa ina simintin asibiti, an dai ɗaura mata akurkin kaji. Wai ɗan Kano ne yake faɗin haka! Ka binciki gidansu, na rantse kakansa da kara aka ɗora shi, kuma ya tashi ya yi noma har ya mutu. Mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba, suna kwance a kan katifa ƙarƙashin fanka, su ne suka zama likitocin ƙafar 'yata. Na ce wa Larai ta kashe wayar, bayan ɗan lokaci kuma ni da kaina na ce ta kunna mu ji.

Ranar Litinin sai ga su a ƙofar gida, yarinyar nan mai gabatarwa da wani mai kyamara, wai sun zo dubiya. Ina tsakar gida ina tankaɗe. Ba su ce mini sun kunna ba. Yarinyar ta gaishe ni a tsaye, ta ce:

"Hajiya, ke ce mahaifiyar Saudatu? Yaya kika ji da aka ce miki ta karye?"

A gaban baƙi, a tambaye ni 'yar fari! Me zan ce? Na ci gaba da tankaɗena ban ɗago ba.

"Wa? 'Yar nan? Tana ciki. Ai da sauƙi, ba wani abu ba ne."

Duk wata tsohuwa daga nan har Kabo ta san abin da na yi, ta kuma san da na faɗi wani abu daban da ta ce na yi abin kunya. Kwana shida ke nan ban yi barcin kirki ba, ni ke ɗaukar ta in kai ta bayan gida. Amma Asabar ta zagayo suka nuna ni a talabijin ina tankaɗe ina cewa ba wani abu ba ne. Uwarku a ciki sun ɗauke ta ita ma, ta ja mayafi ta rufe ƙafar don akwai namiji a ɗakin, ta ce musu alhamdulillahi. Shi ke nan, aka ce ga shaida ta fito daga bakin uwarta. Ko uwar da ta haife ta ba ta damu ba, aka ce, don ta san shiri ne.

Daga nan maganar ta fito daga cikin waya ta shigo gari. Matan da ke zuwa dubiya na lura ba fuskarta suke kallo ba, ƙafar suke kallo. Wata har da cewa, "Ikon Allah, kuma ba ta rame ba." Na je gidan suna, ina shiga hira ta tsaya cak. Wani da na koya wa karatu a aji uku, yanzu yana sayar da taki a kasuwa, ya tare ni yana dariya ya ce, "Malama, ashe gidanku akwai 'yan fim." Na ce masa tun yana yaro na san kansa ba ya ja, ashe har yanzu bai warke ba. A Kabo kuwa babanku ba ya iya zama a majalisa. Ana nan sai masu shirin suka aiko cewa ƙorafi ya yi yawa, in ba a kawo takardar asibiti kafin Asabar ba za su sanar an cire ta. Mai ɗori yana ba da takarda ne? Kuma Baba Ɗanlami ya ce ba a motsa ta, balle a sa ta a mota har Kano. Babanku ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata, kansa a ƙasa.

"Inna, ni dai a ganina a bar su da Allah. Su cire ta. Ƙafar ta fi mana injin."

Uwarku ma daga ciki ta ce, "Inna, ki bar su. Wanda ya sani ya sani."

Na ce to. Amma to ɗin a baki ya tsaya. Ni ba injin ne ya dame ni ba. Za a sanar wa duniya an cire ta saboda yaudara, wannan sunan zai bi ta, ya bi ku, a ce muku 'ya'yan mai ƙaryar karaya. Abin da ya fi ci mini rai kuma, da bakina aka ɗaure ta. Shekara talatin ina tsaye gaban allo, ba wanda ya taɓa ce mini na yi ƙarya, sai ga shi an mai da ni mai ba da shaidar zur a kan 'yar cikina. In na rufe ido sai in ga kaina ina tankaɗe.

Ranar Alhamis da hantsi, Larai ta karanto mini wani da ya rubuta cewa in gaskiya ne a kwance a nuna mana mu gani. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na shiga ɗaki na yaye labule, na ce wa Larai ta biyo ni da wayarta.

"Yaya, Baba Ɗanlami fa ya ce…"

"Baba Ɗanlami ne aka zaga ko ni? Minti nawa ne? Mu kwance ki ɗauka in mayar."

Uwarku ta dube ni, ta ce, "Inna, dan Allah." Sau ɗaya ta faɗa. Na harare ta irin hararar da nake mata tana ƙarama, sai ta juya fuska bango. Na kwance ƙullin, na zare kararen, na warware tsumman. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi da shuɗi, fatar ta yamutse. Da na gan ta haka maimakon in ji tsoro, wallahi daɗi na ji, na ce yau za su ga ƙarya. Larai ta ce ɗakin da duhu, hoton ba ya fita. Sai na sa hannu biyu na ɗaga ƙafar daga kan matashi, na juya ta wajen taga.

Na ji shi a tafin hannuna kafin in ji a kunne. Wani ɗan motsi ne, kamar an taka busasshen kara a ƙarƙashin tabarma. Uwarku ba ta yi ƙara ba. Ta dai damƙi gefen katifa har yatsunta suka yi fari, gumi ya keto mata a goshi. Larai ta riga ta ɗauka. Na mayar da ƙafar, na naɗe, na jera kararen yadda na tuna, na ƙulle. Na ce wa kaina ba komai, na fita na ɗora tukunya.

Larai ta sa hoton a waya. Kun san abin da suka ce? Wani ya ce shuni aka shafa. Wani ya ce ƙafar wata ce, ina fuskar? Wata ta ce ko ƙudan zuma ya harbe ka ai za ka kumbura. Ko mutum ɗaya bai ce Allah ya ba mu haƙuri mun zalunce ta ba. Masu shirin suka ce hoto ba takarda ba ne, ranar Asabar suka cire ta. Mako na gaba biyu daga cikin 'yan gasar suka yi faɗa a kan ruwa, sai duk aka koma can, aka manta da ita kamar ba a taɓa yi ba. Mutanen da na karya dokar mai ɗori don su, ko sunanta ba su ƙara ambata ba. Ban yafe musu ba, kuma ba na jin zan yafe.

Amma kafin Asabar ɗin, ranar Juma'a da safe, babanku ya ga hoton. Ya biya ya ɗauko Baba Ɗanlami suka shigo tare. Tsohon ya tsuguna gaban katifa, bai ko taɓa ba, ya ƙura wa ɗaurin ido.

"Wannan ba ƙullina ba ne."

Ya kwance, ya bi ƙashin da babban yatsa a hankali. Sannan ya ce ƙashin ya fara kamawa aka gusar da shi, zai sake ja, amma kada a sa rai ya koma daidai. Ya ɗago ya dubi ɗakin.

"Wa ya kwance?"

Ina tsaye a jikin ƙofa. Larai ta sulale ta fita. Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe, amma ga surukina a tsugune, ga dattijon da na ce wa yaro ne ni. Kafin in haɗa kalma uwarku ta riga ni.

"Ni ce, Baba. Zagin ne ya ishe ni. Inna ta tafi kasuwa, na kwance na sa Iya Larai ta ɗauka. Ku yi haƙuri."

Ban taɓa jin babanku ya ɗaga murya a gidana ba sai ranar. Ya ce mata ashe maganar 'yan waya ta fi masa tasa daraja a wurinta, ya ce ta zaɓi mutanen da ba su san ta ba a kan 'ya'yanta. Baba Ɗanlami ya girgiza kai ya ce yaran yanzu ba sa jin magana. Har ya juyo ya ce mini, "Malama, sai ki ƙara sa ido a kanta." Na ce to, Baba. Jama'a sun yi mako biyu suna ƙaryata ta a kan gaskiya, ranar da ta yi ƙarya don ta rufa mini asiri nan take aka yarda. Da tsohon ya kama ƙafar zai sake ja, na fita tsakar gida na tsaya bayan rumbu, don ba zan iya kallo ba.

Bayan wata uku aka kai ta asibiti a Kano aka ɗauki hoton ƙashin, likita ya ce ya haɗe a karkace, sai dai haƙuri. Ba ta ƙara shiga fadama ba, don ƙafar ba ta jure laka. Shekara tara ke nan. A cikinsu sau nawa na ji babanku, in ɗayanku ya yi gardama, yana cewa, taurin kan uwarku ne wannan, ku dubi abin da ya ja mata. Sau nawa na ji ku kuna maimaitawa kuna dariya, ita ma tana taya ku. Larai ta tafi da maganar kabarinta. Ni da uwarku ba mu taɓa tayar da ita ba ko mu biyu ne a ɗaki.

Uwarku ba ta da taurin kai. Ta roƙe ni in bari, na harare ta. Ni na kwance ɗorin, ni na ɗaga ƙafar, a hannuna ƙashin ya goce. Idan kun gama karanta wannan babin, kada ku nuna mata, za ta ce ku yaga. Ku kai wa babanku. Na gwada faɗa masa da baki ya fi sau goma, kullum sai ya durƙusa ya ce Inna ina kwana, ni kuma in ce lafiya lau.